Zama a Shropshire: tambayoyi da amsoshi kan garin da ya dace a sauka

Shropshire gunduma ce a yammacin Ingila, kan iyaka da Wales. Galibinta gonaki ne da tsaunuka da ƙananan garuruwa masu kasuwar mako. Wanda aiki ko karatu ya kawo shi, ko wanda ya gaji da tsadar Birmingham yana neman sarari, tambayoyinsa kusan iri ɗaya ne. Garin da ya fi kyau a hoto sau da yawa shi ne mafi wuyar zama a watan Janairu, don haka amsoshin nan sun fi karkata ga hunturu da ruwa da hanyar zuwa aiki.

Shropshire ƙaramar hukuma ɗaya ce?

A'a, biyu ne, kuma rashin sanin haka yana jawo ɓata lokaci. Akwai Shropshire Council, wadda tun 2009 take riƙe da Shrewsbury, Ludlow, Oswestry, Bridgnorth, Market Drayton, Whitchurch da ƙauyukan da ke tsakaninsu. A ƙidayar 2021 mutanenta sun kai kusan dubu 324. Sai Telford and Wrekin, wadda take cin gashin kanta tun 1998, tana riƙe da Telford, Wellington, Newport da Ironbridge, da mutane kusan dubu 185. Neman gurbin makaranta, harajin gida, kwashe shara da izinin gini duk suna hannun hukumar da adireshinka ya faɗa ƙarƙashinta. Shifnal, alal misali, tana dab da Telford amma ta Shropshire Council ce. Ka sa lambar fos-kod ta gidan a shafin gwamnati na gov.uk, nan take zai faɗa maka hukumarka.

To wane gari ne ya fi?

Ya danganta da inda za ka riƙa zuwa kowace safiya. Amma ga yadda muke ganinsu.

Shrewsbury ita ce hedikwata, mutanenta sun haura dubu 70. Kogin Severn ya kusan zagaye tsakiyarta, a nan aka haifi Charles Darwin a 1809, kuma ita ce mahaɗar jiragen ƙasa ta gundumar gaba ɗaya. Ga mai iyali da ba shi da mota tukuna, babu garin da ya kai ta sauƙi: babban asibiti, kasuwa mai rufi a tsakiyar gari, makarantu, da wurin sallar Juma'a. Unguwannin kudu da yamma kamar Kingsland, Belle Vue, Porthill da Copthorne sun fi tsada. Na arewa kamar Harlescott, Sundorne da Ditherington sun fi sauƙi, kuma sun fi kusa da masana'antun Battlefield.

Telford sabon gari ne. An ayyana shi a 1963 da sunan Dawley, aka canza masa suna a 1968, aka haɗa tsofaffin garuruwan haƙar kwal da narka ƙarfe wuri guda. Masu yawon buɗe ido ba sa yabon sa, ba shi da tsohuwar tsakiyar gari irin ta Shrewsbury, kuma an tsara shi ne don mai mota. Duk da haka a nan ayyukan masana'anta suka fi yawa, a Hortonwood da Stafford Park da Halesfield, haya ta fi sauƙi, babbar hanyar M54 tana ratsa shi, kuma a nan baƙi suka fi yawa. Priorslee, Lawley da Muxton sababbin unguwanni ne masu ɗan tsada. Woodside, Brookside da Sutton Hill sun fi arha. Wellington, da ke cikin Telford, tana da tsohuwar kasuwarta da tashar jirginta, kuma ga Musulmi ita ce ta fi dacewa a duk gundumar.

Ludlow ita ce wadda ake sakawa a bangon mujallu: tsohuwar ganuwar sarauta, gine-ginen tarihi kusan 500, da bikin abinci da ake yi duk Satumba tun 1995. Mutanenta ba su wuce dubu 11 ba, da yawansu 'yan fansho ne da suka sayar da gida a kudancin Ingila suka dawo nan. Wannan ya ɗaga farashi fiye da ƙarfin albashin yankin. Church Stretton da Much Wenlock su ma haka suke. Idan aikinka a kwamfuta yake daga gida kuma kana da mota, lafiya lau. Idan aikin dare kake yi a Telford, ka bar su don yawon Asabar.

Oswestry, Whitchurch, Wem da Market Drayton, a arewa, ba a cika yi musu talla ba, amma kuɗinka ya fi auki a can. Market Drayton tana da kamfanin yogot na Müller. Kusa da Oswestry, a Gobowen, akwai asibitin ƙashi na Robert Jones and Agnes Hunt. Newport kuwa makarantu ne suke jan mutane, da jami'ar noma ta Harper Adams da ke ƙauyen Edgmond kusa da ita.

Za a iya zama ba mota?

A Shrewsbury da Wellington, ƙwarai. A sauran wurare sai an duba layin dogo. Layi ɗaya yana tasowa daga Manchester ta Crewe, ya bi Whitchurch, Wem, Shrewsbury, Church Stretton, Craven Arms, Ludlow, ya wuce Hereford zuwa Cardiff. Na biyu yana tashi daga Shrewsbury ta Wellington, Oakengates, Telford Central, Shifnal, Cosford da Albrighton zuwa Wolverhampton da Birmingham, kusan awa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, wasu jiragen ma har tashar filin jirgin saman Birmingham suke kaiwa ba canji. Daga Ludlow zuwa Shrewsbury kimanin minti 30 ne, daga Church Stretton kimanin 15.

Garuruwan da ba su da tasha sun haɗa da Bridgnorth, Market Drayton, Newport, Much Wenlock da Bishop's Castle. Tallan gida a Bridgnorth zai iya ambatar tashar jirgi, amma na Severn Valley ne, tsohon jirgi mai tururi na 'yan yawon shaƙatawa zuwa Kidderminster, ba wanda ake hawa a tafi aiki ba. Oswestry ma ba ta da tasha, sai an je Gobowen, kimanin mil 3.

Bas ɗin karkara shi ne abin da ya fi yaudarar baƙo. Za ka ga alamar tsayawar bas a ƙofar gida ka ɗauka an gama. Ka buɗe jadawalin ka duba abu uku: bas na farko da safe, na ƙarshe da yamma, da ranar Lahadi. A ƙauyuka da dama bas ba ya wuce sau 'yan kaɗan a rana, yana ɗaukewa da magariba, ranar Lahadi kuma babu ko ɗaya. Ma'aikacin asibiti ko gidan kula da tsofaffi da zai karɓi aiki ƙarfe 7 na safe ba zai dogara da shi ba.

Lasin tuƙin da na zo da shi daga gida zai yi aiki?

Na wata 12 kawai daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar. Lasin Najeriya, Nijar da Ghana ba sa cikin waɗanda ake musanyawa da na Birtaniya kai tsaye. Sai ka nemi lasin koyo daga DVLA, hukumar ba da lasin tuƙi, ka ci jarrabawar kwamfuta ta fam 23, sannan gwajin tuƙi na fam 62 a ranakun aiki. Samun ranar gwajin kan ɗauki watanni, shi ya sa ake fara nema tun watannin farko. Inda ake shiga matsala: mutum ya kama haya a ƙauye yana tuƙi da lasin gida, wata 12 su cika bai ci gwaji ba, ya koma matsayin ɗan koyo wanda doka ta hana shi tuƙi shi kaɗai, alhali aikinsa yana mil 20 daga gida. Idan ba ka riga ka ci gwajin ba, shekarar farko ka zauna kusa da tashar jirgi.

Hanyoyin ma sai an san su. M54 tana ƙarewa a Wellington, A5 mai tagwayen hannu ta ci gaba zuwa Shrewsbury. A49 da ta ratsa daga Whitchurch zuwa Ludlow kuwa hannu ɗaya ce kowane ɓangare, cike da manyan motoci da tarakta. Kimanin mil 28 da ke tsakanin Shrewsbury da Ludlow kan ci minti 50 ko fiye, kuma haɗari ɗaya ya isa ya rufe ta sa'o'i.

Ana ta maganar ambaliya. Da gaske ta kai haka?

Ta kai. Severn yana tasowa daga tsaunukan Wales, ya haɗu da kogin Vyrnwy kusa da Melverley, sannan ya bi Shrewsbury, Ironbridge da Bridgnorth. Ruwan da ya sauka a Wales kan iso Shrewsbury bayan kwana ɗaya ko biyu, har ya zamana rana ta fito a gari kogi kuma yana ci gaba da cika. An yi babbar ambaliya a shekarar 2000, bayanta aka yi wa unguwar Frankwell shingen ƙarfe da ake kafawa idan kogi ya taso. A Fabrairun 2020 ruwa ya ture shingen wucin gadi na Ironbridge har aka kwashe mutane, ya sake dawowa a 2022. A Shrewsbury wuraren da ake fara rufewa su ne titin Smithfield, Coleham, titin Chester da filin ajiye motoci na Frankwell. A Bridgnorth, gari biyu ne a haɗe, na saman dutse da na bakin kogi, na ƙasan ne ruwa yake shiga. Ludlow tana tsakanin kogin Teme da Corve, kuma a Yunin 2007 ruwa ya karya gadar Burway.

Akwai kuma ambaliyar da ba ta buƙatar babban kogi. Much Wenlock tana cikin kwari, ruwan sama mai ƙarfi kan gangaro mata daga tudu cikin ɗan lokaci kaɗan. Don haka nisa da Severn ba hujja ba ce.

Matakan bincike guda huɗu ne. Ka sa fos-kod a shafin gov.uk na duba haɗarin ambaliya na dogon lokaci, ka karanta sakamakon kogi da na ruwan sama daban-daban. Ka nemi farashin inshora da ainihin adireshin tun kafin ka sa hannu. Idan kamfanoni suka ƙi ko suka tsuga kuɗi, sun faɗa maka abin da dillali bai faɗa ba. Idan saye za ka yi, mai gidan zai cika fom ɗin TA6, a ciki akwai tambaya ko ruwa ya taɓa shiga, kuma ƙarya a nan abin kai ƙara ce. Na huɗu ido ne: soket ɗin wuta da aka ɗaga sama da gwiwa, tayil a falo inda maƙwabta suke da kafet, sabon fenti a ƙasan bango kawai, ramin saka allon tare ruwa a bakin ƙofa.

Tun 2016 akwai tsarin Flood Re da ke sauƙaƙa inshorar gidajen da ke cikin haɗari, amma bai shafi gidan da aka gina daga 1 ga Janairun 2009 ba, kuma an tsara zai ƙare a 2039. Ɗan haya kuma ya sani inshorar mai gida ta gini ce. Kujeru, katifa da kwamfutarka sai ka yi musu taka.

Ko gidanka yana kan tudu, ka duba hanyar da za ka bi zuwa aiki. Gada ɗaya ta rufe, tafiyar minti 15 ta koma awa.

Yaya sanyi, kuma nawa ɗumama gida yake ci?

Sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a Ingila a Shropshire ne: digiri 26.1 ƙasa da sifiri, kusa da Newport, ranar 10 ga Janairun 1982. Ba kowace shekara ake ganin irinsa ba, amma gundumar tana nesa da teku, dare yana yin sanyi sosai, kuma tsaunukan kudu, Long Mynd da Clee, suna samun dusar ƙanƙara lokacin da Shrewsbury ruwa kawai take gani. Manyan hanyoyi ake zuba wa gishiri. Lungun ƙauye sai rana ta narkar.

Tambayar da za ka fara yi wa dillali ita ce da me ake ɗumama gidan. A cikin manyan garuruwa bututun gas yana shiga gida, shi ne mafi sauƙi. Ƙauyuka da yawa ba su da shi. A can za ka tarar da tankin kananzir a bayan gida, yawanci mai cin lita 1,000 zuwa 1,500. Kamfanoni ba sa kawo ƙasa da lita 500, kuma a dunƙule ake biya, ba wata-wata ba. Farashin ba ya ƙarƙashin ƙa'idar da Ofgem, hukumar kula da makamashi, ke sa wa gas da lantarki, yakan tashi da hunturu, don haka masu dabara da bazara suke cikawa, wasu ƙauyuka ma haɗa oda suke yi don a rage musu. Idan ka bari tanki ya ƙare ƙaf, iska da dattin gindin tanki kan shiga bututu, boila ta ƙi tashi sai an kira mai gyara. Ɗan haya ya sa a rubuta yawan litar da ke ciki ranar shiga, domin da ita za a yi lissafi ranar fita.

Gidan da ake sayarwa ko ake ba da hayarsa yana da takardar EPC, wadda ke nuna yadda yake cin makamashi, mai maki daga A zuwa G, ana duba ta kyauta a intanet, tana aiki shekara 10. Doka ba ta yarda a ba da hayar gidan da ke ƙasa da E ba sai da uzuri na musamman. Tsohon gidan dutse mai E, bango ba rufin zafi, taga mai gilashi ɗaya, zai iya cinye rarar da ka samu a kuɗin haya. Yayin dubawa ka leƙa bayan kabad da kusurwar taga. Baƙin fumfuna da warin danshi alama ce cewa wanda ya fita ya kasa ɗumama gidan.

Gidan tarihi abin so ne ko abin gudu?

Abin kallo ne. Gidan da aka sa a rajistar gine-ginen tarihi, mataki na I ko II* ko II, ba a canza masa taga, ƙofa, rufi, ko a rushe bangon ciki sai da izini na musamman daga hukuma, kuma yin aiki ba izini laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Abin da mai gidan da ya gabata ya yi ba izini, sabon mai gida ne zai gyara da kuɗinsa. Gyaran ma da farar ƙasa da katakon oak ake yi, siminti yana riƙe danshi ya ruɓar da katakon. Tsakiyar Ludlow, Shrewsbury da Much Wenlock cike suke da irinsu. Wanda ya nace, ya ɗauki safiyo ya yi masa binciken gini na RICS (ƙungiyar safiyoyi) mataki na 3, na 2 bai isa ba.

Me lauya ya kamata ya bincika wanda ya keɓanta da wannan yanki?

Ramukan kwal, da farko. Telford, Broseley da kewayen Ironbridge an shafe ɗaruruwan shekaru ana haƙa a ƙarƙashinsu, don haka a nemi rahoton CON29M, mai nuna ko an haƙi kwal a ƙarƙashin gidan. Kwarin Ironbridge kuma ƙasarsa tana motsi. A Jackfield zaftarewar ƙasa ta cinye gidaje a 1952. Sai iskar radon, wadda ba ta da wari kuma tana da alaƙa da kansar huhu, tana da yawa a wasu sassan kudu da yammacin gundumar. Ana gwada ta da 'yan na'urori biyu da ake ajiyewa a ɗaki da falo wata 3.

Gidan ƙauye sau da yawa ba ya haɗe da magudanar gari, sokawe gare shi. Ana kwashe shi kusan sau ɗaya a shekara, kuma dokar yanzu ta hana wanda ke zubar da ruwansa kai tsaye cikin rafi, sai an sauya shi, aikin dubban fam. A tambaya ko na gida ɗaya ne ko na tarayya da maƙwabta, da wanda ke biyan gyara. Haka hanyar shiga gida: idan ba ta hukuma ba ce, a ga takardar da ta ba ka ikon bi.

Idan ka ga gidan gona mai faɗi da arha fiye da kima, ka tambaya ko yana da sharaɗin noma. Wasu gidajen an ba da izinin gina su ne bisa sharaɗin manomi ko ma'aikacin gona kaɗai zai zauna ciki, bankuna kuma ba sa son ba da bashi a kansu. A ƙarshe ka buɗe shafin izinin gini na hukuma ka ga abin da ake shirin yi a filin da ke maƙwabtaka. Shropshire tana da manyan gonakin kaji da yawa, kuma filin da ke kore yau zai iya zama rumfunan kaji ko sabuwar unguwa.

Asibiti fa?

Manyan asibitoci biyu ne, Royal Shrewsbury da Princess Royal a Telford, hukuma ɗaya ke tafiyar da su. A shirin da aka amince da shi, za a tattara babban sashen gaggawa da kwantar da mata masu haihuwa da yara a Shrewsbury, Telford kuma ta riƙe tiyatar da aka tsara da ƙananan matsalolin gaggawa. Mai ciki ko mai ƙananan yara ya sa wannan a lissafi. Ludlow, Bridgnorth, Whitchurch da Oswestry suna da wurin duba ƙananan raunuka, amma ba dare da rana suke buɗe ba. Daga Ludlow, asibitin Hereford ya ɗan fi na Shrewsbury kusa. Daga Market Drayton wasu Stoke suke nufa, daga Bridgnorth kuma Wolverhampton. Rajista da likitan GP, wato likitan unguwa da ake fara gani, kyauta ce. Likitan haƙori na NHS, tsarin lafiya na gwamnati, mai karɓar sabon mutum kuwa yana da wuyar samu a ko'ina cikin gundumar.

Ina makarantu masu kyau suke, kuma yaya ake samun gurbi?

Ranakun ba sa canzawa: neman sakandare yana rufewa 31 ga Oktoba, sakamako ya fito 1 ga Maris, firamare 15 ga Janairu, sakamako 16 ga Afrilu. Wanda ya iso a tsakiyar shekara gurbin da ya rage zai samu, ko da makarantar tana kallon ƙofarsa. Kafin ka kama gida, ka nemi alƙaluman shekarar da ta wuce: yara nawa aka ɗauka, kuma yaron ƙarshe da aka ɗauka nisan gidansu nawa. Wannan ya fi maganar dillali cewa gidan yana yankin makaranta kaza.

Newport tana da makarantun gwamnati biyu da ake shiga da jarrabawa, Haberdashers' Adams da aka kafa a 1656 da Newport Girls' High School. Zama a garin ba ya ba yaro gurbi idan bai ci jarrabawar ba, kuma tun yana aji 5 na firamare ake yin rajistarta. A ƙananan garuruwa irin su Church Stretton, Ludlow da Bishop's Castle sakandaren gwamnati ɗaya ce, zaɓi ba shi da yawa. Motar makaranta kyauta tana ɗaukar yaro ne zuwa makaranta mafi kusa, idan nisa ya wuce mil 2 ga ɗan ƙasa da shekara 8, ko mil 3 ga wanda ya kai. Ka zaɓi wata mai nisa don ta fi suna, kai ne direba safe da yamma.

Masallaci da naman halal suna samuwa?

A yankin Shropshire Council Musulmi ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, a Telford sun fi haka. Wellington tana da masallatai da shagunan nama da kayan abincin Asiya da Afirka. Shrewsbury tana da cibiyar Musulmi a titin Preston. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne Craven Arms, ɗan ƙaramin gari tsakanin Church Stretton da Ludlow, wanda yake da masallaci saboda mayankar tumaki ta halal ta Euro Quality Lambs da ke can. Daga Market Drayton, Whitchurch ko Bishop's Castle kuwa, Juma'a tafiya ce ta mota, Islamiyyar yara da Tarawihi ma haka. Doya, manja, busasshen kifi da garin tuwo sun fi samuwa a Wolverhampton da Birmingham. A Birmingham kusan kashi 30 cikin ɗari na mazauna Musulmi ne.

Lokutan salla suna sauyawa fiye da yadda aka saba a Kano ko Zinder. A ƙarshen Yuni rana tana fitowa kafin ƙarfe 5 na safe, ba ta faɗuwa sai bayan 9 da rabi na dare. A Disamba magariba tana yi wajen ƙarfe 4, Azahar da La'asar da Magariba duk su faɗo cikin lokacin aiki.

Nawa zan tanada kafin in karɓi makulli na haya?

Kafin alƙalami bai wuce hayar mako 1 ba a doka, kuɗin ajiya kuma bai wuce na mako 5 ba idan hayar shekara ba ta kai fam dubu 50 ba. Dole mai gida ya sa kuɗin ajiyar a ɗaya daga cikin hukumomin da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, ya ba ka shaida. Dillali ba shi da ikon cajin ka kuɗin fom ko na bincike. Yawancinsu suna so albashin shekara ya kai hayar wata sau 30, in bai kai ba su nemi wanda zai tsaya maka. Za kuma su nemi lambar shaidar izinin zama da ake cirowa a gov.uk. Kada ka tura ko fam ɗaya kan gidan da ba ka shiga ba, ko wanda ka amince da shi bai shiga ba. Tallan gidan ƙarya ya yi yawa a Facebook. Ranar shiga ka ɗauki hoton kowane ɗaki da kowace mita, ka karɓi takardar gwajin gas ta shekara.

Sai harajin kansil, wanda ɗan haya ne ke biya. An kasa gidaje rukuni A zuwa H bisa darajarsu a Afrilun 1991. Rukunin A yana biyan kashi biyu cikin uku na abin da D ke biya, H kuma ninki biyu. Babba ɗaya a gida yana da ragin kashi 25 cikin ɗari, gidan da ɗalibai zalla suke ciki ba ya biya. Kowane gari yana ɗora nasa ɗan ƙarin, shi ya sa gidaje biyu masu rukuni ɗaya a Ludlow da Wem ba sa biyan daidai.

Idan saye zan yi, yaya zan san farashin gaskiya?

Abin da ke shafukan tallan gidaje na Rightmove da Zoopla taya ce ta mai sayarwa. Abin da aka biya a zahiri yana rajistar filaye ta gwamnati, titi-titi, kyauta. A Ingila amincewa da tayi ba ta ɗaure kowa sai ranar da lauyoyi suka yi musayar kwantiragi, a lokacin ake biyan kashi 10 cikin ɗari galibi. Kafin ranar mai gida zai iya karɓar tayin wani, kuɗin safiyo da na lauya su bi ruwa. Harajin saye daga Afrilun 2025 yana farawa ne sama da fam dubu 125, ko dubu 300 ga mai sayen gidansa na farko. Wanda yake da gida a wata ƙasa, ko a Kaduna ne, ba ya cikin masu sayen farko, kuma ƙarin harajin gida na biyu na iya hawa kansa, don haka ya faɗa wa lauya tun farko. Mai gudun riba yana da tsarin sayen gida na musharaka a bankuna irin su Gatehouse.

Na ga gida mai arha a tsallaken iyaka, cikin Wales. Akwai bambanci?

Akwai. Iyakar tana kusa da Oswestry ƙwarai, har ta raba ƙauyen Llanymynech gida biyu ta tsakiyar titi. A ɓangaren Wales harajin sayen gida daban ne, rukunin harajin kansil ya kai I, yara suna koyon harshen Welsh a makaranta kuma manhajar ta bambanta, dokar haya ma tata ce. Maganin da likitan GP na Wales ya rubuta kyauta ne a kantin maganin Wales, alhali a Ingila ana biyan fam 9.90 kan kowane magani. Gundumar Powys ba ta da babban asibiti nata, mutanen Welshpool da Newtown da yawa Shrewsbury ake kai su.

Sau nawa ya kamata in ga gari kafin in yanke shawara?

Ka je ranar aiki da safe, ka bi hanyar zuwa wurin aikinka a daidai lokacin da za ka riƙa bin ta. Ka koma da yamma bayan ƙarfe 6, lokacin da kowa ya dawo, ka ga ko akwai wurin ajiye mota. Tsofaffin titunan Ludlow da Bridgnorth ba a gina su don motoci ba. Ka tsaya cikin ɗakin kwana ka kira waya, domin kaurin bangon dutse da kwarin tsauni suna kashe sabis, sannan ka duba saurin intanet na adireshin a shafin Ofcom, hukumar kula da sadarwa. Taswirar laifuka ta kowane titi tana police.uk, yankin na 'yan sandan West Mercia ne. Idan da hali, ziyara ɗaya ta kasance tsakanin Nuwamba da Fabrairu, bayan an kwana biyu ana ruwa. Wanda bai san yankin ba ya fara da haya a Shrewsbury ko Wellington, ya ga hunturu ɗaya, kafin ya sayi gida a ƙauye.